Zauren da Ba a Sa wa Kwaɗo: Tarihin Gidanmu a Bariyenu

Ranar da Inna ta fita takaba, bayan wata huɗu da kwana goma, abin da ta fara tambaya shi ne wa ya sa kwaɗo a ƙofar zaure. Yayana ya ce shi ne, saboda ɓarayin babura sun yi yawa a garin. Ta dube shi ta ce, "Je ka cire. Shekara arba'in ina gidan nan ban taɓa ganin Malam ya kulle ƙofar nan ba, ba kuwa za a fara a kan idona ba." Bai yi musu ba, ya je ya cire. Babur ɗin ne aka sauya wa wurin kwana.

Ni mai gabatar da shirin Hausa ce a wani gidan rediyo a Faraku, wato Parakou, a arewacin Jamhuriyar Benin. Na yi shekaru ina bin tsofaffi da na'urar ɗaukar magana, ina tambayar su labarin da. Amma ban taɓa kunna ta a gaban mahaifina ba. Kullum sai in ce sai na je hutun salla. Da na sani ƙeya ce. Abin da zan kawo a nan na tattaro shi ne daga abin da na riƙe na hirarsa, da bakin Inna, da baffanmu, da abin da masana suka rubuta a kan hanyar da ta kawo mu ƙasar nan. Sai da na haɗa su sannan na gane cewa ƙofar zauren nan tana da tarihi, kuma tarihin ya girmi Baba nesa ba kusa ba.

Garinmu Bariyenu yana cikin gundumar Zugu, garin da ake rubutawa Djougou a taswira, a jihar Donga. Daga Faraku tafiyar kilomita 130 da 'yan kai ce zuwa Zugu. Masu ƙasar Yom ne, kuma sarautarsu tana unguwar Kilir. Kusa da ita akwai unguwar Wangara, inda 'yan kasuwa Musulmi suka zauna tun ƙarnuka da suka wuce, harshensu na ciniki kuwa Dandanci. Abin da ya raya wannan unguwa shi ne goro.

Goron da Hausawa suka fi so a dazuzzukan Asante yake fitowa, a ƙasar Ghana ta yau, babbar kasuwarsa kuma Salaga ce a ƙasar Gwanja. Fatake kan tashi daga Kano da sauran garuruwan Hausa da kanwa, da turkuɗi, da riguna, da jar fata, da gabu, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, su sauka Zugu, sannan su nufi Yandi har Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Ayarin ba ƙarami ba ne. Baturen nan Clapperton ya tarar da wani a Kayama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kusan yawansu. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba, kuma kowace ƙasa aka shiga sai an biya masu ita kafin a wuce. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci.

Kakan Baba yaron wani madugu ne daga ƙasar Kano, aikinsa korar jakuna da yayyafa wa goro ruwa, a sauya masa ganye kada ya bushe ko ƙwaro ya shige shi. A wata dawowa daga Gwanja kurkunu ya fito masa a ƙafa, ya kasa takawa. Ayari ba ya jiran mutum ɗaya, domin goro ba ya jira. Sai madugu ya bar shi a gidan mai masaukinsu a Wangara, ya ce in sun dawo baɗi za su tafi da shi.

A nan ya kamata in faɗi ko wane ne mai masauki, domin yaran yanzu da sun ji kalmar sai su ɗauka mai otel ake nufi. Mai masauki shi ke saukar da falke, ya ba shi abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa in an ba da bashi, ya kai shi gaban sarki in rigima ta taso. Ribarsa la'ada ce, amma jarinsa amana. Wannan tsari ne ya riƙe zanguna tun daga Sabo ta Ibadan har Kumasi. Mutumin nan na Wangara ya yi jinyar yaron da bai san uwarsa ba bai san ubansa ba, wata da watanni. Da ya warke ya sa shi cikin yaran gidansa, daga baya ya ba shi 'yarsa.

Madugun bai dawo ba, domin hanyar ce ta fara mutuwa. Tun 1874, da Ingilishi suka ci Kumasi, Salaga ta ɓalle daga Asante, su kuma Asante suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga, 'yan kasuwa suka watse. Daga cikin waɗanda suka bar garin har da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Sai Turawa suka yanyanka hanyar gida huɗu: Najeriya da Gold Coast na Ingila, Togo na Jamus, Dahome na Faransa. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can ya hau dogo. Masu hangen nesa irin su Alhassan Ɗantata suka bi sabuwar hanya suka yi arziki. Talakawan ayari kuwa kowa ya zauna inda dare ya same shi. Namu daren a Zugu ya yi.

Ɗansa, wato kakana, shi ya fito Bariyenu neman gona. Mutanen garin suka ba shi fili, yana noma yana sayen doya da ƙwarar kaɗanya yana kaiwa kasuwar Zugu. Abu na farko da ya gina, kafin ɗakin matarsa ma ya bushe, zaure ne. Wasiyyar ubansa ke nan: an buɗe mini ƙofa ina kwance ba ni da kowa, kada jinina ya rufe wa baƙo ƙofa.

Baba yana yaro aka samu 'yancin kai a 1960, yana saurayi mai ƙarfi Kerekou ya sauya wa ƙasar suna daga Dahome zuwa Benin a 1975. Bai shiga makarantar boko ba. Allo ya yi, kuma da ajami yake rubuta bashinsa a wani littafi mai baƙin bango da har yanzu yake cikin akwatin Inna. Yana jin Hausa da Dandanci da Yom, da Fillancin da zai yi cinikin wagashi, da Faransancin da zai fita hannun jandarma. Sana'arsa doya da yazawa, amma bai taɓa rabuwa da huhun goro a kusurwar zaure ba, ko da ribar ba ta taka kara ta karya ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Wannan ne ya kawo mu."

Na tashi na ga zauren nan ba ya rabuwa da mutane. 'Yan ci-rani daga Nijar masu gyaran takalmi da tallan shayi, Fulanin da dare ya yi musu da shanu, direban da motarsa ta lalace, almajiri mai neman malami. Ba ya tambayar mutum sunansa sai ya ci abinci. Da magariba a kunna rediyo a saurari Sashen Hausa na BBC, baƙi su yi ta gardama, ni kuma ina laɓe a bakin ƙofa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata, shigo ki zauna, ai labari ba na maza kaɗai ba ne." A wannan tabarma na fara son aikin da nake yi yau. Da maƙwabta suka yi ta surutu a kan tura ni Kwatano karatun jarida, cewa ya yi jikar fatake ba a hana ta tafiya.

Kada mai karatu ya ɗauka abin duk daɗi ne. Zaure na maigida ne, amma tukunya ta uwargida ce, kuma Inna ce ta biya kuɗin wannan karamci da guminta. Ta ba ni labarin shekarar 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kaya suka yi tsada, bashin Baba ya maƙale a hannun mutane. Wani dare masarar da ta rage ba ta fi mudu ɗaya ba, sai ga shi ya leƙo ya ce baƙi uku ne. Ta ce, "Malam, 'ya'yanka fa?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kakana ma ɗan wani ne." Ta tuƙa tuwon tana hawaye, aka raba, kowa ya kwana da sauran yunwa. Da asuba ya tura kekensa zuwa Zugu, ya dawo a ƙafa da buhun masara a motar haya, da farin goro guda a aljihu, nata. Ta ce daga ranar har ya bar duniya, duk huhun da ya kwance, goron farko nata ne. Har yau ba ta faɗin sunansa. In ta ce "Malam" sai ta sunkuyar da kai kamar yana zaune a wurin.

Ranar sadakar arba'in wani dattijo ya sauka daga mota da buhun albasa. Ba wanda ya gane shi. Ya ce daga ƙasar Tawa yake, ya taɓa kwana goma sha biyu a zauren nan yana zazzaɓi, tun yayana yana goye. Wani direba ne ya kai masa labarin rasuwar. Ya yi addu'a, ya kwana ɗaya a inda ya taɓa kwanciya, ya koma. A ranar na ga abin da ya faru da kakan Baba a Wangara ya sake faruwa a gabana, sai dai wannan karon mu ne masu gida.

Abin da ke damuna shi ne na baya. In mun je Najeriya a ce mana 'yan Benin, a nan kuma wasu su ce mana 'yan Najeriya, alhali kaburburan kakanninmu uku suna ƙasar Zugu. 'Ya'yan yayana sun fi sakewa da Dandanci da Faransanci, kuma ba laifi ba ne, yaren garinsu ne da na makarantarsu. Amma babu ɗayansu da ya san mene ne madugu, ko dalilin da ya sa kakarsu ta hana a sa kwaɗo. Al'adar da aka manta dalilinta ba ta daɗewa, wata rana wani zai ga wauta ce ya kulle.

Shi ya sa yanzu duk ƙarshen wata nake hawa mota zuwa Bariyenu, in ajiye waya a gaban Inna in kunna. Da farko ta ce ita ba ta da wani labari, mace ce ta cikin gida. Yanzu mun wuce awa tara. Kai ma da ke karanta wannan, ko a Kano kake ko Maraɗi ko Zangon Kumasi, in kana da tsoho a gida kada ka jira hutun salla.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa kabarinsa ya fi zaurensa yalwa, Ya jiƙan kakanninmu da mai masaukin da ya ɗauki yaron da ayari ya bari. Ya ƙara wa Inna lafiya da haƙuri. Amin.