Shin Amurka ta kama hanyar rushewa, ko za ta iya farfaɗowa?

TAMBAYA:

Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Ana ta turo mana saƙonni a WhatsApp cewa Amurka ta zo ƙarshe, wai gobarar da aka yi a Los Angeles azaba ce saboda abin da ake yi wa mutanen Gaza, har wani mai wa'azi ya faɗi shekarar da ƙasar za ta rushe. Ni kuma ɗana yana aiki a can tare da iyalinsa, kuma shi ke riƙe da gidanmu. Shin a Musulunci akwai yadda ake gane ƙasa mai ƙarfi ta kama hanyar faɗuwa? In ta kama, tana iya dawowa? Kuma in ce masa ya tattaro ya dawo gida?

AMSA:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yar'uwa, mu fara da mai wa'azin da ya yanka shekara. A Suratul A'araf aya ta 34 Allah Ya sanar da mu cewa kowace al'umma tana da ajalin da aka yanka mata. Wannan ya haɗa da Amurka kamar yadda ya haɗa da Farisa da Rum da Abbasiyawa. Amma ajalin al'umma kamar ajalin mutum yake: mun san yana tafe, ba mu san ranarsa ba. Duk wanda ya ce shekara kaza, ko da lissafin ayoyi ya fito da ita ko da mafarki, ya kutsa cikin gaibu ba tare da ilimi ba. Kada ki tura wa kowa irin wannan saƙo. In shekarar ta zo ta wuce ba abin da ya faru, matasa masu raunin imani za su fara shakkar Alƙur'anin da aka jingina wa lissafin, alhali Alƙur'ani bai faɗi haka ba.

Abin da aka ba mu iliminsa shi ne sunnar Allah a kan al'ummu, wato ƙa'idojin da Yake ɗaukaka su da su Yake kuma ƙasƙantar da su. Na farko a ciki, yawan dukiya da makamai ba ya nuna Allah Ya yarda da mutane. Ranar da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ga shatin tabarma a jikin Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, ya yi kuka yana tuna daular da Kisra da Ƙaisar suke ciki, sai Annabi ya nuna masa cewa su an gaggauta musu jin daɗinsu ne a duniya. Kuma Suratul An'am aya ta 44 ta ba da labarin mutanen da suka manta da wa'azi, aka buɗe musu ƙofofin arziki, sai da suka saki jiki aka kama su. Malamai suna kiran wannan istidraji, mu ce talala. Don haka mutum bai isa ya kalli dogayen gine-gine da jiragen yaƙi ya ce ƙasar nan lafiya lau take ba.

Na biyu, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa: kafirci shi kaɗai ba shi ne yake gaggauta rushe daula a duniya ba. Hisabin kafirci yana lahira. Abin da yake cinye daula shi ne zalunci. Ki duba tafsirin Imam Ƙurɗubi a kan aya ta 117 ta Suratu Hud, za ki ga ya kawo fassarar cewa Allah ba Ya halaka garuruwa saboda shirka kawai muddin mutanensu suna ba juna haƙƙi a mu'amalarsu. Shaihul Islam Ibn Taimiyya ya kawo wannan ma'anar, cewa Allah Yana tsayar da daula mai adalci ko da ta kafirai ce, ba Ya kuma tsayar da azzaluma ko da ta Musulmi ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya kawo ta. Kuma lokacin da aka zo ceton matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne ƙyale babba in ya yi laifi da hukunta talaka in ya yi irinsa. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Wannan shi ne ma'aunin da za a ɗora Amurka a kai, da kowace ƙasa.

In an ɗora ta, alamomin ciwo a bayyane suke. Bashin da ake bin gwamnatinta ya haura dala tiriliyan 36 a ƙarshen shekarar 2024, kuma a wannan shekarar kuɗin ruwan da ta biya a kan bashin ya zarce abin da ta kashe wa sojojinta. Mai karanta Suratul Baƙara aya ta 276 ya san makomar dukiyar riba, kuma an ga samfurinta a 2008, lokacin da bashin gidaje ya durƙusar da manyan bankunansu, miliyoyin mutane suka rasa muhallinsu. Daga 2021 zuwa 2023, kowace shekara fiye da mutum 100,000 ne miyagun ƙwayoyi suke kashewa a ƙasar. Kawunansu sun rabu har ta kai a ranar 6 ga Janairun 2021 wasu 'yan ƙasar suka afka wa ginin majalisar dokokinsu. A waje kuma, ta mamaye Iraƙi a 2003 bisa hujjar makaman da ba a same su ba, ta yi shekara 20 a Afganistan ta fita a Agustan 2021 ta bar mulki a hannun waɗanda ta je kora, sannan ta ba Isra'ila makamai tana kuma hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu a kan ƙudurorin tsagaita wuta a Gaza. Wannan zalunci ne, kuma hadisin Abu Musa ya tabbatar cewa Allah Yana yi wa azzalumi jinkiri, amma in Ya kama shi ba Ya sakinsa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

To amma gobarar Los Angeles ta Janairun 2025 fa? Ba ni da ikon cewa azaba ce saboda laifi kaza, ba wanda yake da wannan ikon bayan yankewar wahayi. Gobarar ta cinye gidajen masu kuɗi da na talakawa, ta kuma cinye wani masallaci a Altadena. In kowace masifa hujja ce ta fushin Allah a kan wanda ta samu, me za mu ce game da girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta 2023, ko ambaliyar Maiduguri ta 2024, ko annobar Amwas da ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal, Allah Ya ƙara musu yarda? Masifa ɗaya tana zama uƙuba ga wani, kaffara ga wani, ɗaukakar daraja ga wani. Yin murna da ƙonewar gidan tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan Gaza ba bai dace da Musulmi ba.

Game da ɗanki, hukuncin zamansa bai rataya a kan tashin Amurka ko faɗuwarta ba. Ya rataya ne a kan addininsa. In yana sallah a fili, yana zuwa Juma'a, sana'arsa ta halal ce, matarsa tana suturarta, 'ya'yansa suna koyon Alƙur'ani suna kuma tashi a kan Musulunci, malamai da yawa sun halatta irin wannan zama, kuma akwai Musulmi fiye da miliyan 3 a ƙasar. In kuwa addininsa ko na 'ya'yansa yana zubewa, sai ya nemi hanyar fita ko da dala tana sama. Abin da za ki riƙa tambayarsa ke nan. Ki kuma ba shi shawara ya nisanci bashin ruwa, ya riƙa ajiye wani abu a gida, domin wannan hankali ne a kowane hali.

Saura tambayar ko tana iya farfaɗowa, kuma ita ce ta fi buƙatar natsuwa.

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a shekara ta 808 bayan Hijira, ya yi nazarin daulolin Larabawa da Barbar a littafinsa Muƙaddima. A ganinsa daula tana da shekaru kamar mutum, kuma galibi ba ta wuce zuriya uku, kimanin shekara 120. Zuriyar farko ta sha wahala ta kafa mulki da haɗin kai. Ta biyu ta ga wahalar iyayenta, ta riƙe wani abu daga halinsu. Ta uku ta tashi cikin ni'ima, ba ta san yadda aka samo ba, sai kashewa ta yi yawa, a tsananta haraji, a ɗauko wasu su yi mata yaƙi, zalunci ya kashe wa mutane zuciyar nema. Har ya tafi a kan cewa in tsufa ya sauka a kan daula ba ya ɗagawa, kuma in an ga ta yi wani yunƙuri a ƙarshe, kamar lagwanin fitila ne da yake yin haske sosai dab da mutuwarsa. Magana ce mai nauyi, kuma ta dace da dauloli da yawa. Amma ijtihadin masanin tarihi ce, ba nassi ba ce. Abbasiyawa sun yi daga 750 zuwa 1258 miladiyya, Usmaniyawa sun haura shekara 600.

Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarin babbar daular da ta faɗi ta tashi. A shekarar 614 Farisawa sun ƙwace Ƙudus daga hannun Rumawa, daga baya suka haɗa da Masar. Duk mai hankali a lokacin zai ce Rum ta ƙare, har mushirikan Makka suna yi wa Musulmi gori da haka. Sai farkon Suratur Rum ya sauka yana bushara cewa za su yi nasara cikin 'yan shekaru. Haka kuwa aka yi: Hiraƙla ya sake ɗaura ɗamara, ya karya Farisawa a kusa da Ninawa a 627. Bayan shekara tara Musulmi suka karya shi a Yarmuk suka karɓi Sham. Duk da haka birninsu Ƙusɗanɗiniyya bai faɗi a hannun Musulmi ba sai a 1453, a hannun Sarki Muhammadul Fatih, fiye da shekara 800 bayan Yarmuk. Farisa kuwa, da ta faɗi a hannun sahabbai, daular Kisra ba ta sake tashi ba.

Me ya bambanta su? Akwai amsa a Sahihu Muslim. Da aka faɗa wa Amru bin Aas, Allah Ya ƙara masa yarda, hadisin da yake nuna Rumawa za su fi kowa yawa a lokacin tashin ƙiyama, sai ya ce in haka ne to suna da wasu halaye. Ya ambaci haƙurinsu a lokacin fitina, da saurin farfaɗowarsu bayan masifa, da saurin komawarsu fagen fama bayan gudu, da kyautatawarsu ga miskini da maraya da mai rauni. Ya ƙara da na biyar, ya kuma yabe shi: suna hana sarakunansu zalunci. Ku lura, wanda ya yaƙi Rumawa a Falasɗinu da Masar ne yake wannan shaida, ƙiyayya ba ta hana shi faɗin gaskiya ba.

Ba na cewa hadisin yana nufin Amurka da sunanta. Amma ma'aunin Amru ya yi mata aiki a baya. Ta yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, mutum fiye da 600,000 suka mutu, ta fito ta soke bauta. Tattalin arzikinta ya karye a 1929 har kusan ɗaya cikin huɗu na ma'aikata suka rasa aiki, ta miƙe. Ta fita daga Biyetnam a wulaƙance, a 1974 kuma dokokinta suka tilasta wa shugabanta Nixon sauka daga mulki, aka yi ta cewa ta ƙare, sai ga shi Tarayyar Sobiyet ce ta wargaje a 1991. Hotunan azabtarwar kurkukun Abu Guraib ma 'yan jaridarta ne suka fito da su a 2004. Yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin duniya nata ne, kuma fiye da rabin kuɗin ajiyar manyan bankunan ƙasashe da dala suke.

Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne ƙarfinta ya ragu idan aka kwatanta da shekarun da suka biyo bayan 1991, Sin ta taso, kwarjininta ya ragu a idon duniya, amma raguwa daban, rushewa daban. Ingila ta bar Indiya a 1947, ta bar Najeriya a 1960, daular ta tafi ƙasar tana nan. Wanda yake son sanin inda Amurka ta dosa ya bar ƙirga gobara da guguwa, ya dubi hali na huɗu da na biyar da Amru ya faɗa. Muddin talaka yana iya kai mai mulki gaban alƙali ya karɓi haƙƙinsa, akwai sauran numfashi. Ranar da aka ga babba ya fi ƙarfin shari'a kuma mutane sun daina damuwa, to maganar Ibn Khaldun ta fara tabbata a kanta. Mu ma da muke kallo mu tuna gemun ɗan'uwa da ya kama da wuta. Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma masu mulkinta suna da dawakai da ganuwa.

Ta fuskar shari'a kuwa ƙofar gyara a buɗe take ga kowace al'umma kafin azaba ta sauka. Mutanen Annabi Yunus, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sun ga alamunta, suka yi imani suka tuba, aka yaye musu aka jiyar da su daɗi zuwa wani lokaci, kamar yadda ya zo a Suratu Yunus aya ta 98. Saboda haka ya halatta ki yi addu'a Allah Ya karya azzalumai masu kashe bayin Allah, Ya taimaki waɗanda ake zalunta, wannan yana da asali a ƙunutin Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam. Su kuwa sauran jama'ar ƙasar, abin da ya fi shi ne roƙa musu shiriya. Da aka nemi Annabi ya yi wa ƙabilar Dausu mummunar addu'a saboda sun ƙi Musulunci, shiriya ya roƙa musu, kuma daga cikinsu Abu Huraira ya fito.

Allah ne mafi sani.