Tarihin Jiyyar Masu Gigin Tsufa da Kiɗa da Zane

1.0 Gabatarwa

Idan hankalin tsoho ya fara gushewa, Bahaushe kan ce ya ruɗe, ko ya rikice, ko kuwa gigin tsufa ya kama shi, kuma galibi yakan ɗauki wannan hali a matsayin wani zango na tsufa wanda ba makawa sai an yada shi. Likitocin zamani sun saɓa wa wannan ra'ayi. A wurinsu gigin tsufa ciwo ne da ke tasowa daga lalacewar ƙwaƙwalwa, wanda ke raba mutum da tunaninsa da maganarsa sannu a hankali, har ya kai ga kasa gane 'ya'yan cikinsa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi, kuma har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun yadda kiɗa da waƙa da zane suka shiga jiyyar waɗannan bayin Allah. Za a nuna cewa da farko likita ne ke zaɓar kiɗan don ya kwantar da majiyyaci, daga baya aka koma neman waƙar da majiyyacin ya tashi da ita don a kai gare shi. Wannan sauyi kuwa ya ɗora wa masana harshe da al'ada wani nauyi.

2.0 Kiɗa a Asibitocin Musulmi

Masana na daular Abbasiyya sun ɗauki kiɗa a matsayin reshen ilmin lissafi mai alaƙa da likitanci. Alkindi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, ya yi rubuce-rubuce a kan dangantakar sautin tsirkiya da ɗabi'un jikin ɗan Adam. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya wallafa babban littafi a kan ilmin kiɗa. Wannan tunani ya shiga asibitoci. Shahararren misali shi ne asibitin da Sarki Bayazidu na Biyu ya gina a birnin Edirne na ƙasar Turkiyya, wanda aka kammala a 1488. Matafiyin nan Evliya Celebi, wanda ya ziyarci wurin a ƙarni na 17, ya ba da labarin makaɗa da mawaƙa goma da ke zuwa sau uku a mako suna yi wa majiyyata da masu taɓin hankali kiɗa.

Abin lura a nan shi ne, an ɗauki kiɗa tamkar sassaƙe ko saiwa, watau kowace cuta da irin karin da ya dace da ita. Likita ne ke zaɓa bisa ga ilminsa, majiyyaci kuwa nasa sauraro.

3.0 Ciwo Ya Sami Suna

Kafin a yi maganar jiyya ta musamman ga masu gigin tsufa, sai da aka fara gane ciwon kansa. A 1901 aka kai wata mata mai shekara 51 asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a Jamus, tana fama da mantuwa da ruɗewar magana. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya binciki ƙwaƙwalwarta bayan rasuwarta a 1906, ya ga wasu dunƙule-dunƙule da zarurruka da suka cuɗe a cikinta. A 1910 maigidansa Emil Kraepelin ya laƙaba wa ciwon sunan Alzheimer. Yau an san cewa shi ne ke haddasa mafi yawan gigin tsufa.

Sai dai samun suna bai sauya halin majiyyata ba. Shekaru da yawa bayan haka, a Turai da Amurka, tsohon da ya ruɗe makomarsa ita ce gidan mahaukata, inda ake ciyar da shi ana tsare shi har ajali ya zo.

4.0 Sana'o'i Biyu da Yaƙi Ya Haifa

Jiyya da kiɗa ta zama sana'a ne a dalilin sojojin da suka dawo daga yaƙe-yaƙen duniya biyu da raunuka a jiki da kuma a zuci. Makaɗa sun riƙa zagaya asibitocin sojoji a Amurka, likitoci suka lura da sauƙin da ake samu, suka nemi a horar da makaɗan. A 1944 aka buɗe kwas ɗin digiri na farko a wannan fanni a kwalejin jihar Michigan, sa'an nan a 1950 aka kafa ƙungiyar ƙasa ta masu wannan sana'a. A Ingila, Juliette Alvin ta kafa irin wannan ƙungiya a 1958.

Ta fuskar zane kuwa, wani mai zane Baturen Ingila, Adrian Hill, ya kwanta jiyyar tarin fuka, ya ga yadda zane ke rage masa zaman kewa, ya shiga koya wa 'yan'uwansa majiyyata. Shi ne ya raɗa wa abin suna jiyya da zane a 1942. An kafa ƙungiyar masu wannan aiki a Birtaniya a 1964, ta Amurka kuma a 1969. Duk da haka, hankalin sana'o'in biyu ya fi karkata ga sojoji da yara naƙasassu da masu taɓin hankali.

5.0 Juyowa ga Tsofaffi

A 1963 likitan Amurka Robert Butler ya bayyana cewa yawan tuna baya da tsofaffi ke yi aiki ne mai amfani ga ransu, don haka bai kamata a riƙa katse su ba. Wannan ya buɗe ƙofar amfani da tsofaffin waƙoƙi da hotuna. A 1988 aka fara wani shiri na koya wa masu cutar Alzheimer zane da fenti a jihar Kalifoniya. A 1991 wani kwamitin Majalisar Dattijan Amurka ya yi zama na musamman a kan kiɗa da tsufa, inda likitan ƙwaƙwalwa Oliver Sacks ya ba da shaida. A 1997 Tom Kitwood na Jami'ar Bradford ya wallafa littafin da ya kafa hujja cewa yadda ake mu'amala da majiyyaci na iya ƙara masa ciwo ko rage masa, saboda haka wajibi ne a san tarihinsa da abin da yake so.

Daɗin daɗawa, sai haɗarin magunguna ya fito fili. A 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu magungunan taɓin hankali da ake kwantar da masu gigin tsufa da su suna ƙara haɗarin mutuwa. A 2009 rahoton da Farfesa Sube Banerjee ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya ya ƙiyasta cewa ana ba mutum 180,000 irin waɗannan magunguna, kuma suna jawo ƙarin mace-mace 1,800 a shekara. Wannan ya sa gidajen kula da tsofaffi suka ƙara neman hanyoyin da ba na ƙwaya ba.

6.0 Abin da Bincike Ya Tabbatar

An daɗe ana mamakin tsohon da ya manta sunan matarsa amma yana rera waƙar samartakarsa ba gargada. A 2015 wasu masana a Jamus suka nuna cewa sassan ƙwaƙwalwar da ke riƙe da waƙoƙin da mutum ya daɗe da sani suna cikin waɗanda cutar Alzheimer ke jinkirin lalatawa. Dama an ce abin da aka koya da ƙuruciya tamkar zane ne a kan dutse.

Amma kada a zarce gona da iri. A 2018 ƙungiyar Cochrane ta tace gwaje-gwaje 22 da suka ƙunshi mutum 1,097, ta gano cewa jiyya da kiɗa tana rage ƙuncin rai da matsalolin hali, amma tasirinta a kan kaifin tunani kaɗan ne ko babu. Ta fuskar zane kuwa, gwaje-gwaje biyu kacal aka samu, masu mutum 60, waɗanda ba su isa a yanke hukunci da su ba. A taƙaice, kiɗa ba ya tsayar da ciwon. Abin da yake yi shi ne sauƙaƙa wa majiyyaci da mai jiyyarsa zaman da ya rage musu tare.

7.0 Kammalawa

Wannan ciwo ba na Turawa kaɗai ba ne. Binciken haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indianapolis, wanda aka fara a 1992, ya same shi a cikin tsofaffin Yarbawa, ko da yake bai kai yawan na baƙaƙen Amurka ba. Bahaushe ma ya san kiɗa a fagen magani, tun da da goge da garaya ake girka a bori. Sai dai darasin wannan tarihi shi ne, waƙar da ke amfani ita ce wadda majiyyaci ya tashi da ita. Dattijon da aka haifa a 1945 ya yi samartakarsa ne a zamanin Shata da Ɗanƙwairo. Wani kuwa ba ya ƙaunar ganga ko kusa, shi Ishiriniya ko Infiraji ko karatun Alƙur'ani ne zai motsa shi. Tsohuwa kuma tana iya farkawa da waƙar niƙa ko ta gaɗa, hannunta ya tuna saƙar faifai.

Likita ba shi da lokacin da zai tantance waɗannan bambance-bambance na zamani da gari da jinsi da aƙida. Aikin sassan nazarin Hausa ne su tsara fayafayan da ke jibge a ɗakunan ajiyarsu da na gidajen rediyo bisa ga shekara da yanki, su kuma ɗauki waƙoƙin mata na cikin gida daga bakin masu su tun suna iya rerawa.