Tarihin Yanka Akwatin Kwamfuta

A bara, ana saura wata biyu a karɓi memwar, kwamfutar wani abokinmu ta mutu. Irin tsofaffin nan ce na ofisoshin Turai da ake saidawa okaziyo. Muka ɗauke ta a kabu-kabu zuwa wurin mai gyara. Ya buɗe, ya duba, ya ce kartimer ce ta ƙone, wato babban farantin nan da kowane sashe ke manne a jikinsa. Yana da wata mai kyau, kuɗinta ma da sauƙi. Sai dai da ya aza ta cikin akwatin, ramukan bis ba su hau kan juna ba. Ya ce: "Ɗalibi, wagga ba ta shiga wanga gida sai an yanka mishi baya." Abokina ya tsorata, ya ɗauka wayon masu gyara ne. Ashe aiki ne mai tarihi, kuma tarihin nasa na koya wa mai saye abin da zai duba kafin ya zaro kuɗinsa.

Kwamfutocin farko na gida wasunsu ko akwati ba su da shi. A 1976, Steve Wozniak da Steve Jobs suka fitar da Apple I a Kalifoniya ta Amurka, a kan dala 666,66. Farantin kawai ake ba ka. Kilabiye da talabijin da gidan da za ka saka ta, wannan ruwanka. Shi ya sa waɗanda suka rage a gidajen tarihi za ka ga wata cikin akwatin katako, wata cikin jakar hannu ta matafiya. A lokacin, ƙera wa na'ura gida aikin mai ita ne.

Abin ya sake a ranar 12 ga Agusta 1981, da kamfanin IBM ya fitar da IBM PC. Ƙungiyar da Don Estridge ya jagoranta a Boca Raton, jihar Fulorida, cikin gaggawa take aiki, don haka ta sayo sassa daga wasu kamfanoni, kuma ta buga littafi mai ɗauke da zanen na'urar. Duk mai son ƙera kati ya ƙara wa kwamfutar aiki yana iya auna gurbin ya ƙera. Ta farko gurabe 5 gare ta. XT ta 1983 ta zo da 8, an matse tazarar da ke tsakaninsu ta koma inci 0,8, wato milimita 20 da ɗan ɗori. Ku juya bayan akwatin da ke sibar ɗin unguwarku, ku auna tsagogin nan na ƙarfe: har gobe tazarar ke nan.

A 1984 aka yi IBM AT mai faranti babba, faɗinsa inci 12. Ba a jima ba aka samu ƙaraminsa, Baby AT, wanda ke shiga akwatin XT. Masu kwaikwayo, musamman na Taiwan, suka bi ramukan IBM sau da ƙafa, domin kayansu su shiga gidan da mutane ke da shi. Babu taron da aka yi, babu hukumar da ta sa doka. Kowa ya bi babba ne don ya samu kasuwa. Da IBM ta ga abin ya kuɓuce mata, a 1987 ta fitar da PS/2 da sabbin gurabe nata na kanta, masu suna Micro Channel, wanda duk zai yi amfani da su sai ya biya. Kasuwa ta ƙi bi, ta ci gaba da tsohon awo.

To, amma tsarin AT na da nasa ciwon kai. Rami ɗaya ne tak a baya, mai zagaye, na kilabiye. Sauran mahaɗai sai an jawo su da wayoyi an ɗaura a tsagogin kati. Wutar faranti kuma da kawuna biyu take shiga, P8 da P9, masu kama da juna; ƙa'idar da kowane mai gyara ya haddace ita ce baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya, in ka juya su ka ƙone faranti. Maɓallin kunnawa kansa kuran ɗin bango ne ke ratsa shi kai tsaye.

A 1995 Intel ta kawo ATX. Farantin ya zama milimita 305 da 244. An yanka taga mai kusurwa huɗu a bayan akwati, kimanin milimita 159 da 44, kuma kowane faranti na zuwa da ɗan marfin gwangwani nasa da ake dannawa a tagar. Wannan dabara ce babba: akwati bai damu da yawan mahaɗan da ke jikin farantinka ba, taga kawai yake bayarwa. Kan wuta ya koma guda ɗaya mai ƙafa 20, wanda ba ya shiga a juye. Daga baya aka mai da shi 24. Maɓalli kuma ya zama na taɓawa a saki, shi ya sa kwamfuta ta iya kashe kanta.

Nan ne yanka akwati ya zama ruwan dare. Mutum na da akwatin AT mai kauri da ya saya da tsada, ga sabon faranti ATX. Sai ya ɗauko zarto da magagari ya fitar da taga a baya, ya huda sabbin ramuka, ya ɗaura ƴan ƙafafun tagulla da ke ɗaga faranti kada ya taɓa ƙarfe. Tunda tsohon maɓalli ba ya aiki da sabon tsari, da yawa suka mai da ɗan maɓallin sake tayarwa ya zama na kunnawa. Aikin da mai gyaranmu ya ce zai yi, shi ne wanga, ba ƙari.

Kusan lokaci guda wani dalilin ya taso, shi ne zafi. A ƙarshen shekarun 1990 matasa masu wasannin kwamfuta sun gano ana iya tilasta wa furosesa gudu fiye da wanda aka rubuta mata. Celeron 300A ta 1998 ta yi suna, domin daga megahaz 300 ana kai ta 450. Gudu na kawo zafi, sai suka riƙa huda saman akwati da gefensa suna ɗaura fanka. Kuma da yake suna ɗaukar kwamfutocinsu zuwa tarukan wasa irin su DreamHack a Suwidin da QuakeCon a Texas, sai ado ya shigo: a yanka gefe a sa roba mai kama da gilashi, a sa fitila a ciki, a shafe farin fentin ofis da wani launi. Ƴan shekaru kaɗan kamfanoni suka fara saida akwati da tagar a yanke. Abin da yara suka fara da zarto ya koma haja a kanti.

A 2001 kamfanin VIA na Taiwan ya fitar da Mini-ITX, faranti mai santimita 17 kowane gefe, ba ya cin wuta sosai. Ramukansa huɗu sun dace da na ATX, amma ƙanƙantarsa ta sa mutane suka riƙa cusa shi cikin tsohon rediyo, da na'urar gasa burodi, da gidan tsohon wasan Nintendo. Wani misalin shi ne Power Mac G5 na Apple, na 2003, mai gidan alminiyam da ƙananan huji a gaba. Bayan Apple ta koma furosesar Intel a 2006, cikin G5 ya tsufa amma gidan na nan da kyansa. Mutane suka riƙa kwashe kayan ciki, su yanke baya, su manna sabbin ƙafafu da gam mai ƙarfi, su saka faranti ATX.

Sai dai fa ba kowa ya tsaya kan awo ɗaya ba, kuma nan ne tarihin ya taɓa aljihunmu. A zamanin Pentium II da III, wasu kwamfutocin Dell na da kan wuta mai siffar ATX sak, amma jerin wayoyin ciki daban. Wanda ya jona alim ta kasuwa ba tare da sani ba yana iya ƙona kaya. A 2004 Intel da kanta ta kawo BTX don rage zafin Pentium 4, inda farantin ke zama a ɗaya ɓangaren akwati kamar hoton madubi. A 2006 ta daina bunƙasa shi, amma an riga an cika ofisoshi da irin su. Har yanzu ƙananan kwamfutocin ofis na manyan kamfanoni da yawa na zuwa da faranti mai siffar kansa, da alim mai kai na daban, da gurbin da gajeren kati kawai ke shiga. Ofishin Turai bai damu ba, in ta tsufa sabuwa yake saye. Mu ne masu gadon ta, kuma a hannunmu take mutuwa, ga ƙurar hunturu ga zafin bazara.

Hannun da zai yi aikin ba mu rasa shi ba. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda tsohon ƙarfe ke komawa akwatin tufafi da murhu. Abin da ake buƙata a ƙara shi ne awo da kula. A kwashe komai daga akwati kafin a fara yanka, domin ɗan garin ƙarfe ɗaya kan faranti ya isa ya kashe shi. A aza farantin kan kwali a yi alamar ramukansa, sannan a mai da alamar kan ƙarfe. Kada a bar ƙafar tagulla ko ɗaya inda babu rami a faranti. A goge bakin yanka da magagari kada ya yanke waya ko yatsa. Ita kuwa alim, kada a buɗe cikinta, tana riƙe wuta ko an zare ta daga bango.

Na abokinmu dai an yanka, an huda, marfin gefe ma bai rufu daidai ba sai da aka ɗan lanƙwasa shi. Ya gama memwar ɗinsa da ita, kuma tana nan tana aiki a ɗakin ƙanensa.

Saboda haka, ƴan'uwa ɗalibai, in za ku sayi okaziyo, bayan tambayar gigar ram da girman diski, ku ce mai kaya ya buɗe gefe. Ku ƙirga ƙafafun babban kan wuta, ku ga ko 24 ne. Ku juya baya ku ga ko marfin mahaɗai na cirewa ne ko haɗe yake da jikin akwati. In na cirewa ne, ran da faranti ya mutu wani zai shiga da turnabis kawai. In kuwa haɗe yake, ku nemi ragi, don wata rana sai kun biya mai zarto.