Gini Namu, Ƙasa Tasu: Tarihin Mallakar Gida a Sabon Ibadan

Masu iya magana kan ce, "Baƙo raɓa, ɗan gari kaba." To amma akwai raɓar da ta haura shekara ɗari rana ba ta busar da ita ba, wato unguwar Sabo ta birnin Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a shekarar 1916. Kafin wannan lokaci fatakenmu a cikin gari suke sauka, a gidajen Yarbawa. Da layin dogo ya iso Ibadan a 1901, ya kuma dangana da Kano a 1911, sai fataucin goro da shanu ya haɓaka, baƙi suka yawaita, har hukuma ta yanka musu wuri nasu.

Abin lura shi ne, wurin zama aka ba su, ba ƙasa ba. Shi ɗan Ibadan a kan gado yake zaune. Gidansu na zuriya ne, a ƙarƙashin shugaban dangi da suke kira Mogaji, kalmar da kunnen Bahaushe ba zai kasa jiyo "magaji" a cikinta ba. Komai talaucinsa yana da ɗaki a gidan kakanninsa, ba haya, ba mai korarsa, kuma a al'adance ba wanda ya isa ya sayar da ƙasar dangi shi kaɗai. Mutumin Sabo kuwa, gini nasa ne, ƙasa ta masu gari.

Sai dai kuskure ne mu ɗauka cewa kowane Bahaushe ya sami ko da ginin. A Sabo gida jari ne kafin ya zama wurin kwana. Falken da ya koro shanu daga Arewa yana bukatar masauki, da amintaccen da zai ajiye masa kuɗi, da dillalin da ya san mahautan gari, domin bashi ake sayar da shanun. Maigida shi ke ɗaukar wannan nauyi duka, shi ne kuma mai lamuni idan mahauci ya ƙi biya. Saboda haka yawan ɗakuna shi ne yawan baƙi, yawan baƙi kuwa shi ne yawan la'ada. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a tsakanin 1962 da 1963, ya tarar da cewa 'yan tsirarun masu gida ne ke riƙe da kaso mai yawa na gidajen, Sarkin Sabo na cikinsu. Dillalai da 'yan dako da yaran gida duk a inuwarsu suke kwana. Wanda ya saɓa wa maigidansa, abincinsa da makwancinsa ya taɓa gaba ɗaya.

Mu ma da namu laifin. Da yawa cikin iyayenmu ci-rani suka ɗauki zaman, har furfura ta riske su. Abin da suka tara sun gina gida da shi a Kano ko Katsina, gidan da ake buɗewa sai da Sallah, alhali 'ya'yansu a ɗakin haya aka haife su.

A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. A takarda dai, baƙo da ɗan gari sun zama ɗaya, kowa takardar izinin mallaka yake nema. Amma a watan Fabrairun 2021, da rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha, wata matattarar 'yan Arewa a wajen birnin, an ƙona shaguna da gidaje, mutane da dama suka hau manyan motoci suka nufi Arewa. Jikan da aka haifa a Sabo kuwa, wanda Yarbanci ya zauna a bakinsa kamar Hausa, idan ya nemi takardar shaidar ɗan asali don shiga jami'a, galibi garin kakansa ake tura shi ya karɓo.