Samarin Kwara da Tafiya Kurmi

Tsakanin 1946 da 1947 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch da abokansa biyu suka bi Kwara cikin kwalekwale tun daga mafarinta har teku. Suka ratsa ƙasar Yawuri tun ba a datse ruwa a Kainji ba.

A 1954 ya soma ɗaukar wani sinima da ya kira Jaguar, labarin samari uku, Damure Zika da Lam makiyayi da Illo masunci. Suka tashi daga kasuwar Ayoru, suka bar iyaye da dattawa, suka nufi Kurmi a ƙasa. Suka yi ƙwadago a Ankara da Kumasi, kana suka haɗa jari suka kafa tebur a kasuwa. Da suka komo gida, abin da suka tara cikin watanni suka rabar nan da nan.

Sai 1967 aka fito da shi. Abin lura, ba dukiya kaɗai ke kai samarin zamanin nan Kurmi ba. Yaro kan fita ba a jin maganarsa, ya komo ana ba shi wurin zama cikin manya.