Coton Sport ta Garwa: Ƙungiyar da Auduga Ta Raina

Daga samun 'yancin kan Kamaru a 1960 har zuwa 1996, kofin gasar lig ta ƙasar bai taɓa kwana a Arewa ba. Yana yawo ne tsakanin Duwala da Yawunde, wani lokaci ya leƙa garuruwan yamma irin su Bafusam da Bafang. Canon da Tonnerre na Yawunde, da Oryx da Union na Duwala, su ne masu faɗa a ji. Canon kaɗai ta ci kofin zakarun Afirka sau uku, a 1971 da 1978 da 1980. Garwa kuwa, duk da ita ce mahaifar shugaban ƙasa na farko, Ahmadu Ahijo, kuma tana da babban filin wasa na Rumde Ajiya tun 1978, sai dai ta kalli wasu suna ɗaga kofi. A 1997 wannan ya sauya, kuma ƙungiyar da ta sauya shi ba ta fi shekara goma sha ɗaya da haihuwa ba.

Tushen labarin yana gonar auduga. Wani kamfanin Faransa ne ya yaɗa noman auduga na sayarwa a arewacin Kamaru tun farkon shekarun 1950. A 1974 aka kafa SODECOTON ya gaji aikin, gwamnati na riƙe da kaso mafi tsoka, hedkwatarsa kuma tana Garwa. Kamfanin yana ba manomi iri da taki da maganin feshi bashi, idan kaka ta yi ya zo ƙauye da sikeli ya auna, ya cire bashinsa, ya biya sauran. Daga nan manyan motoci su kwashi audugar zuwa injinan gurza, a ware angurya a matse mai, a ɗaure sauran a tura kudu. Daga Marwa zuwa Garwa har kusa da Gaundare, da wuya ka sami garin da wannan harka ba ta taɓa ba. Kamfani irin wannan yana da ma'aikata da yawa, yana da motoci, yana da akawu da tsarin biyan albashi, kuma duk waɗannan abubuwa ne da ƙungiyar ƙwallo ke mutuwa saboda rashinsu.

A 1986 aka kafa Coton Sport a matsayin ƙungiyar ma'aikatan kamfanin. Kalar rigarta kore da fari, ganye da auduga ke nan. Shugaban kamfanin na lokacin, Iya Muhammad, mutum ne mai son ƙwallo, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru daga 1998 zuwa 2013. Gabriel Mbairobe, shi ma jami'in kamfanin, ya daɗe yana shugabantar ƙungiyar kafin a naɗa shi ministan noma a 2019. Ƙungiyar ta faro daga ƙananan rukunoni na lardi, ta hau mataki-mataki, har ta shiga rukuni na ɗaya a farkon shekarun 1990.

Shiga rukuni na ɗaya daga Garwa ba ƙaramin nauyi ba ne. Yawunde ta fi kilomita dubu a mota. Layin dogo daga kudu a Gaundare yake tsayawa, sauran tafiyar sai a kwalta. Ƙungiyar Duwala ko Yawunde sau ɗaya take yin wannan doguwar tafiya a kakar wasa, ita kuwa Coton Sport kusan duk mako biyu sai ta yi ta. Ƙungiyar da ke jiran kyautar attajiri kafin ta sayi tikiti ba za ta jure haka ba. Amma nisan yana da nasa amfanin. Baƙo daga kudu, wanda ya saba da danshin gaɓar teku, yakan iso Garwa a watan Maris ko Afrilu ya tarar da zafin da ya haura digiri 40, iska busasshiya, leɓe na tsagewa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ƙafafunsa sun yi nauyi, 'yan gida kuwa a cikin wannan rana suke atisaye kullum. Haka Rumde Ajiya ya zama filin da baƙi ke shakkar zuwa.

Kofin farko ya zo a 1997, na biyu a 1998, na uku a 2001. Daga 2003 zuwa 2008 kuwa, shekara shida a jere, babu wanda ya karɓe shi daga hannunta. Ta sake ci a 2010 da 2011, sannan 2013 da 2014 da 2015, sai 2018, sai kuma 2021 da 2022 da 2023. Kofuna 18 ke nan, alhali Canon mai tsohon suna tana da 10. A kofin ƙalubale na ƙasa ma ta ɗaga sau bakwai, tsakanin 2003 da 2022.

Wanda ya duba jerin masu horar da ƙungiyar zai ga wani abin lura: da yawansu a Garwa suka yi sunan da ya kai su gaba. Lamine N'Diaye, ɗan Senegal, shi ya riƙe ta a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da ta fara jera kofuna. Bayan barinsa ya horar da tawagar ƙasarsa, sannan a 2010 ya ci kofin zakarun Afirka da TP Mazembe ta Kongo, ya kuma kai ta wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙungiyoyi, abin da wata ƙungiyar Afirka ba ta taɓa yi ba kafin nan. Denis Lavagne, Bafaranshe, ya yi aiki da manyan 'yan wasa da kuma yara masu tasowa, kuma daga Garwa aka ɗauke shi zuwa tawagar ƙasar Kamaru, wadda ya jagoranta daga ƙarshen 2011. Sébastien Desabre ya ci lig a 2013, daga baya ya horar da Uganda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Didier Gomes Da Rosa ya haɗa lig da kofin ƙalubale a 2014. A 2021 kuma ɗan gida, Abubakar Sulaimanu, shi ya kai ƙungiyar wasan kusa da na ƙarshe a kofin Confederation na Afirka.

Waɗannan mutane halinsu da salonsu ba ɗaya ba ne, kuma yawancinsu ba su daɗe ba. Amma ƙungiyar ba ta rushe da tafiyar kowanensu ba, domin kowane koci yakan tarar da aikin da aka riga aka shimfiɗa: filin atisaye na ƙungiyar kanta, masu horar da yara, da masu zagayawa garuruwa suna neman hazikai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan ne Coton Sport ta sha bamban da takwarorinta. Aikin koci a irin wannan wuri ya wuce zaɓen mutum goma sha ɗaya ranar wasa. Shi ne zai ga yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana murza leda a fili mai ƙura, ya gane abin da wasu ba su gani ba, ya je ya zauna da iyayensa ya shawo kansu, ya koya masa tsayuwa da gudu da riƙe fushi.

Amfanin wannan reno a fili yake. Vincent Abubakar ya taso a ƙungiyar, ya je gasar kofin duniya ta 2010 yana ɗan shekara 18, sannan ya wuce Valenciennes ta Faransa. Shi ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017, ana dab da tashi, a wasan ƙarshe da Masar. Tare da shi a wannan tawaga akwai Jacques Zoua da Edgar Salli da Ambroise Oyongo, dukkansu tsofaffin 'yan Coton Sport. Vincent ne kuma ya fi kowa zura ƙwallo, guda 8, a gasar da Kamaru ta karɓi baƙunci a farkon 2022, ya kuma ci Brazil a Katar a ƙarshen shekarar. André-Frank Zambo Anguissa, wanda ya ci gasar Italiya da Napoli, shi ma ta Garwa ya bi ya tafi Turai.

Ƙungiyar ba ta tsaya kan 'yan Kamaru kaɗai ba. Garwa na bakin kogin Binuwai, Yola ba ta da nisa, Chadi na gabas, ana jin Fillanci da Hausa a kasuwa, don haka ɗan Nijar ko ɗan Najeriya ba ya jin baƙunci. 'Yan Nijar uku sun bar tarihi a can: mai tsaron gida Kassali Dauda, da Karim Lansina, da ɗan gaba Kamilu Dauda. Kassali da Lansina suna cikin tawagar Nijar, Mena, da ta fara zuwa gasar kofin Afirka a 2012.

A fagen Afirka, ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF a 2003, Raja ta Kasablanka ta doke ta. Shekarar da mutanen Garwa ba sa mantawa ita ce 2008. Ƙarƙashin koci Alain Ouombleon Guedou, ɗan Kwaddibuwa, ta fito a kan gaba daga rukunin da ya haɗa da Enyimba ta Aba da TP Mazembe da Al-Hilal ta Sudan, ta fitar da Dynamos ta Zimbabuwe, ta isa wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka. Al-Ahli ta Masar ta ci ta biyu da nema a Alƙahira. A Garwa, cikin watan Nuwamba, aka tashi biyu da biyu, kofin ya tafi Masar. A 2013 suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, kunnen doki gida da waje, Al-Ahli ta wuce da bugun fenariti. A 2014 ma, a kofin Confederation, Al-Ahlin ce dai ta tare mata hanya a wannan mataki. Kofin nahiya shi ne abin da har yanzu ya rage mata.

Dalilin da ya sa ya gagara ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar da ke rayuwa da renon yara da sayar da su, kullum sabon gini take yi: ɗan wasa yana nuna kansa, Turai ko arewacin Afirka ta ɗauke shi. Sannan jingina da kamfani ɗaya yana da haɗari, domin farashin auduga a kasuwar duniya yakan faɗi, damina takan yi gardama, kuma duk abin da ya taɓa kamfanin sai ya taɓa ƙungiyar. A gida ma ba a bar mata fili ba: UMS ta Loum da Eding Sport da PWD ta Bamenda duk sun ci lig tsakanin 2016 da 2020.

Masoya ƙwallo na ƙasar Hausa sun ga Garwa da idonsu a Janairun 2022, lokacin da aka gyara Rumde Ajiya aka ba shi rukunin Najeriya. A can Super Eagles ta doke Masar da Sudan da Gini Bisau, 'yan gari da waɗanda suka tsallako daga Adamawa suna mara mata baya, kafin Tunisiya ta fitar da ita. Ya kamata waɗanda suka je su tambayi yadda gari mai nisa haka daga babban birni ya mamaye ƙwallon ƙasarsa kusan shekara talatin. Hazaƙa ba ta yi mana ƙaranci ba. Kano Pillars ta ci lig sau huɗu, kuma a 2009 ita ta fitar da Al-Ahlin nan har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Abin da ke damun yawancin ƙungiyoyinmu shi ne ƙarfinsu na bin kasafin gwamnatin jiha, shugabanninsu na sauyawa da sauyin mulki, kuma da wuya ka ga an ba kocin yara muhimmancin da ake ba na manya.

Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi duk suna da kamfanoni da 'yan kasuwar da za su iya ɗaukar ƙungiya su riƙe ta da tsari. Abin da ake buƙata daga gare su shi ne fili na kansu, albashi a kan lokaci, da masu horar da yara da za a bari su yi shekara goma suna aiki ba tare da an tsare su da neman kofi a kakar farko ba. Coton Sport ta yi shekara goma sha ɗaya kafin ta ɗaga kofinta na farko, kuma masu ita ba su janye hannu ba.