Abin da Likitocin Duniya Suka Koya a Dareta da 'Yar Galma

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna zagaya yammacin Zamfara suna bibiyar sanƙarau, sai suka tarar da ƙauyuka da sababbin kaburburan yara sun yi yawa fiye da ƙima. Yaro zai fara amai, ya shiga taune-taune, kafin a farga ya cika. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, babu sauƙi. Sai da aka kai jini Jamus aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a injin gari, ana dakawa a turmi a tsakar gida. Yara kusan 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum.

Duk mai bin rubuce-rubucen da suka fito daga wannan annoba zai riƙa cin karo da suna guda a tsakiyar jerin marubuta: Dakta Nasir Sani-Gwarzo, masanin yaɗuwar cututtuka na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a wancan lokaci, wanda daga baya ya jagoranci tawagar da ta binciki mace-macen Kano lokacin korona a 2020. Sunansa na kan takardar da Carrie Dooyema da abokanta na cibiyar CDC ta Amurka suka buga a mujallar Environmental Health Perspectives a 2012, wadda ta ƙidaya cewa a ƙauyuka biyu kaɗai, Dareta da 'Yar Galma, yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan.

Aikin ya tilasta wa masana da ba su saba zama inuwa ɗaya ba su haɗa kai. Na'urar gwajin jini da aka shigo da ita ba ta karanta ma'aunin dalma sama da 65, alhali jinin yara da yawa ya zarce haka nesa, dole aka ƙirƙiro hanyar sirka jinin kafin a gwada, wannan ma ya zama takarda ta kanta. Geoffrey Plumlee, masanin duwatsu daga Amurka, ya bi sinadaran ƙasar. Simba Tirima da Ian von Lindern na kamfanin TerraGraphics suka rubuta yadda aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, har zuwa ƙauyen Bagega, wanda sai a 2013 kuɗin gyaransa suka fito. Paul Dargan, likitan guba a Landan, ya tsaya kan magani.

Mafi nauyi a asibiti su ne takardu biyu na 2014, duka da sunan Gwarzo. Natalie Thurtle ta bayyana zagaye 3,180 na maganin DMSA mai fitar da dalma da ake sha ta baki, Jane Greig kuma ta auna alaƙar yawan dalma da taɓuwar ƙwaƙwalwa a yara 972. Kafin Zamfara, yaron da gubarsa ta kai haka allura ake masa a babban asibiti; a Anka aka nuna cewa maganin baki ma yana ceto rai. Da annobar ta sake ɓulla a Shikira ta Jihar Neja a 2015, da wannan ilimi aka tunkare ta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da shi a ƙa'idojinta na 2021.

Abin lura a nan shi ne tsarin sunayen marubuta. A al'adar mujallun kimiyya, na farko da na ƙarshe ake tunawa, kuma a manyan takardun nan akasari baƙi ne a waɗannan gurabe. 'Yan Najeriya da suka shiga gida-gida suna tambayar iyaye, irin su Oladayo Biya da Saheed Gidado da Suleiman Haladu na shirin horar da masu bin diddigin cututtuka, a tsakiya suke, inda mai kawo hujja da takardar ke taƙaita su da kalmar "da sauransu".